Rumfar Baba mai gyaran keke: na yi kilomita 505 cikin hunturu da aikin hannunsa, ga abin da na gani

Tun da na gama tafiyar nan duk inda na zauna tambaya ɗaya ake yi mini, wai wane irin keke ne ya kai ni kilomita 500 cikin kwana takwas, wasu har cewa suke ai dole keken Turawa ne na dubban ɗaruruwa. To gaskiya keken ba wani abin a zo a gani ba ne, ɗan Kwatano ne mai giya da siririyar taya, na saye shi a Kano ƙarshen 2023 bayan an cire tallafin mai, lokacin da na ga albashin malamin firamare ba zai iya da tankin babur kullum ba. Wanda ya kamata a yi magana a kansa shi ne mutumin da ya shirya keken, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, in faɗi abin da ya burge ni da aikinsa in kuma faɗi inda ya ba ni haushi, don akwai.

Ba zan kama sunansa ba don shi da kansa ya ce kar in sa shi a waya, amma duk ɗan yankinmu na wajen Taura da Gujungu in na ce Baba mai rumfa ƙarƙashin darbejiya ya gane. Dattijo ne, gemu duk furfura, benci ɗaya, akwatin ƙarfe na sifanu, bahon ruwa na duba faci, sai yaro ɗaya da yake koya wa aiki.

Bari in ɗan yi bayanin tafiyar ga wanda bai sani ba. Sunanta Festive 500, wani kamfanin kayan sawa na masu keke da ke Landan mai suna Rapha ne ya fara ta a 2010, ana shiga ta manhajar Strava, sharaɗin kawai ka yi kilomita 500 a kan keke daga 24 zuwa 31 ga Disamba, wato in ka raba kwana takwas kullum kilomita 62 da rabi ke nan. Su can lokacin hutun Kirsimeti ne da tsananin sanyi, ƙanƙara a kan titi, rana ta faɗi tun kafin mu nan mu yi la'asar sakaliya. Mu kuma nan ya dace da hutun zangon farko na makaranta da tsakiyar hunturu, ba ƙanƙara amma akwai ɗari na asuba mai shiga ƙashi da hazo da ƙura da ƙaya. Wani ƙanena da ke karatu a Dutse ne ya sa mini manhajar ya nuna mini, ni ban ci ko sisi a ciki ba, wata 'yar alama ce kawai take fitowa a wayarka in ka cika. Amma na so in san ko jikina zai iya, kuma na daɗe ina son in zaga garuruwanmu da ƙafata ba a cikin motar haya a matse ba.

Kwana goma kafin a fara na kai masa keken na ce Baba ga abin da nake son yi. Bai yi dariya ba, bai ce me za a ba ka ba kamar yadda kowa ke cewa. Ya kife keken a kan sirdi, ya juya tayar baya ya kara babban yatsansa kusa da rim yana kallo, ya kama tayar ya girgiza ta gefe da gefe, sai ya ce "Malam, wannan a haka ba za ta kai ka Gumel ta dawo da kai sau biyu ba. Boris ya cinye, taya ta mutu, kuma wannan baƙin man da kake zuba wa sarƙa shi ne zai kashe ta cikin ƙurar nan." Wallahi ni baƙin man injin nake karɓa wajen masu gyaran babur in zuba, a tunanina gata nake wa keken.

Maganar taya ita ce ta farko da ta nuna mini mutumin nan ya san aikinsa. Ni da na ga an rubuta 28 a jikin tayata na ɗauka irin ta manyan kekunan nan ce na ɗaukar kaya da ake samu a kowace kasuwa, har na ce masa ranar Lahadi zan sayo a Gujungu. Ya ce a'a, suna ɗaya ne amma ba uwa ɗaya ba, waccan ta fi faɗin baki, in ka sa ta a rim ɗinka zamewa za ta yi. Daga baya na duba na ga gaskiyarsa, akwai wata ƙaramar lamba a gefen taya, tawa 622 ce, ta manyan kekuna kuma 635. Shi bai damu da lambar ba, abin da ya yi shi ne ya cire tsohuwar tayar ya naɗe ta ya ɗaure da igiya ya ba wani direba da ke zuwa Kano kullum, ya ce a kai wa masu kayan keke a ce irin wannan sak, kuma a zaɓo mai kauri. Kwana biyu sai ga taya biyu da tif uku. Da na bi son raina da na yi asarar kuɗina.

Abin da ya yi da tsofaffin tayoyin kuwa shi ne abin da ya fi komai amfani a tafiyar gaba ɗaya. Ya sa reza ya yanke bakinsu mai waya, ya bar tsakiyar kamar ɗamara, ya goge gefen da dutse don kar ya ci tif, ya shimfiɗa ta a cikin sabuwar tayar kafin ya sa tif. Taya biyu a haɗe ke nan. Keken ya ɗan ƙara nauyi, ba zan ɓoye ba, kana jin sa a ƙafa musamman wajen tashi. Amma duk wanda ya san tsidau da ƙayar aduwa da bagaruwa a wannan lokacin da aka gama girbi, ana jan ƙaya a kan hanya ana shinge, dabbobi suna watsa ta ko'ina, ya san me ake nufi. Da can a sati nakan yi faci biyu zuwa uku tsakanin gida da makaranta kawai. A kilomita 505 faci biyu na yi, ɗayan ma ƙusa ce ba ƙaya ba. Akwai ranar da na dawo na zauna a ƙofar gida na zare ƙaya bakwai daga tayar gaba da allura, ko ɗaya ba ta kai ga tif ba.

Sannan ya canza mini bawul. Nawa irin siririn nan ne da famfon masu faci na bakin titi ba ya kamawa, ya ce in iska ta sauka a tsakanin Gumel da Maigatari wa zai ba ka irin bakin famfon nan? Ya ɗan buɗa ramin rim ɗin da fayil a hankali ya sa tif mai bawul irin na babur, yanzu duk inda na ga mai faci zan sha iska. Ya kwance hob, wato cibiyar taya da boris ke ciki, na gaba da na baya, ya zubar da tsohon boris a tafin hannunsa ya nuna mini yadda wasu suka farfashe suka yi baƙi, ya wanke da kananzir, ya cika da giris ya jera sababbi ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a baki. Sarƙar ma ya jiƙa ta a kananzir ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mata man keken ɗinki ɗigo ɗigo, sannan ya sa tsumma ya goge ta tas kamar bai sa komai ba. Na ce Baba ai ka share man. Ya ce "Na ciki ne yake aiki Malam, na waje ƙura kawai yake kira." Ya ce kullum in na dawo in goge in ɗiga kaɗan in sake gogewa. Haka na yi har kwana takwas kuma sarƙar ba ta yi mini kuka ba.

Sirdi ma ya ɗaga shi ya kai faɗin yatsu uku, ya sa na hau na ɗora diddige a kan feda yana riƙe da keken har sai da ƙafata ta miƙe. Rana ta farko na ji baƙon abu, amma ciwon gwiwar da nake yi in na yi doguwar tafiya bai zo ba ko sau ɗaya.

Kuɗi: taya biyu da tif uku da ladan direba sun tashi ₦24,500, boris da giris da robar birki ₦3,000, aikinsa ya ce in ba da ₦4,000. Ga wanda ya yini biyu a kan keke ɗaya wannan ba kuɗi ba ne. Ya kuma haɗa mini 'yar leda da sholisho da yankakkun faci da guntun sanfefa da cokula biyu da ya lanƙwasa na ɓare taya, bai karɓi komai a kansu ba, ya zaunar da ni ya sa na yi faci ɗaya a gabansa, yana ce mini in bar sholishon ya sha iska har ya daina sheƙi kafin in manna, wai gaggawa ce ke sa facin mutane tashi.

To yanzu inda aka samu matsala. Na farko Baba ba ya riƙe lokaci. Ya ce mini Asabar in zo in ɗauka, na zo na tarar keken a kife yadda na bar shi rabi a kwance, shi kuma yana gyaran amalanken wani mai ruwa. Lahadi ranar kasuwa ce ba a ma maganarta, layin kekuna har bakin titi. Sai Litinin bayan magariba, ana gobe za a fara, na karɓi keken da hasken tocila, ban samu ko kwana ɗaya na gwada shi ba. Na san dalilinsa, mai amalanke abincin ranarsa ne ya tsaya ni kuwa nawa sha'awa ce, kuma ban ga laifinsa a zaɓin ba, amma da ya ce mini Litinin tun farko da ban yi ta zirga-zirga ba. Wayarsa kuma kusan kullum a kashe take ko tana wajen caji.

Na biyu, giya ba fanninsa ba ce kuma ba ya sonta. Tun ranar farko yake ce mini in bari ya cire wannan tarkacen ya rage sarƙa keken ya zama mai gudu ɗaya in huta. Na ƙi. Ya daidaita ta iya yinsa amma har na gama giya biyu na tsakiya suna tsalle in na taka da ƙarfi, sai na haƙura da su nake tsallake su. Kuma da na yarda ya cire da na sha wuya ranar Maigatari, don ƙaramar giya ce ta cece ni a cikin iska.

Ranar Maigatari ita ce babbar rana, Alhamis, ranar kasuwar dabbobi, kilomita 118 zuwa da dawowa a yadda wayar ta nuna. A nan ma shawarar Baba ce ta yi aiki, shi ya ce mini iskar hunturu daga gabas da arewa take tasowa kuma ba ta ƙarfi sai rana ta ɗaga, don haka in fita da asuba in fuskance ta tun tana barci, in ta farka sai ta turo ni gida. Na yi sallar asuba na fita da rigar sanyi biyu da hula da safar hannu da takunkumi, na shafa basilin a leɓe da hanci da man kaɗanya a ƙafa. Hazo ya rufe ko'ina, fitilar mota sai ta zo dab kake ganinta, kuma a nan na gode wa Allah da tsohon faifan CD da ya ɗaure mini a bayan sirdi da tocilar da ya ɗaure a kan keken da robar tif, don manyan motoci masu zuwa ɗaukar shanu suna ta wucewa, ina jin suna yi mini hon tun daga nesa alamar sun hango ni. Yatsuna sun ƙage har na kasa kama birki da kyau, sai da na tsaya wajen wani mai shayi a Gumel na riƙe kofin da hannu biyu na kai minti biyar kafin in kai baki. Daga Gumel zuwa Maigatari iskar ta tashi, ƙura tana shiga ido tana shiga haƙori, ina takawa kamar ana riƙe da rigata ta baya. Na isa na tarar kasuwa ta cika maƙil, raƙuma da shanu da tumaki daga Nijar, buhunan riɗi da zoɓo jibge a gefe, na sha fura da nono na yi azahar na ɗan miƙe a inuwa. Dawowa kuwa kamar wani ne ke tura ni, na rantse akwai wuraren da na daina takawa keken yana tafiya da kansa.

A dawowar ne kusa da gida na faɗa wani rami da hazon yamma ya ɓoye mini, na ji ƙas a baya. Sifok biyu sun karye, a ɓangaren sarƙa, tayar ta fara rawa tana goga birki. Na saki birkin baya na lallaɓa na iso.

Juma'a da sassafe na kai masa, kuma a nan ne na ga kyawunsa da kuma iyakarsa a lokaci guda. Ya ajiye abin da yake yi nan take, ya ce tafiyayye ba ya jira. Amma sai an cire firiwil, wato haƙoran baya da sarƙa ke hawa, kafin a zura sifok a wannan ɓangaren, shi kuma ba shi da makullin cire irin nawa, sai ya sa guduma da ƙusa yana bugawa a hankali har ya kwance. Ya fita, amma bakin ya lotse, kuma tun daga ranar yana ɗan ƙara in na daina takawa, dole sai na canza shi. Raina ya sosu ina kallo, na yi shiru ne kawai don ba ni da wata hanya. Sifok ɗin ma ba shi da daidai tsawon nawa, sai ya ɗauko na babban keke ya yanke ya lanƙwasa kan da filaya ya maƙala. Ya zauna ya ɗaure wannan ya sassauta wancan, yana kaɗa su da yatsa yana sauraren ƙararsu kamar mai gyaran molo, ya kai awa ɗaya da rabi, har tayar ta koma tana juyawa ba ko rawa. Da tsohuwar zuma ake magani, waɗannan sifok biyun har yau suna nan ba su motsa ba. ₦700 ya karɓa. Ranar kilomita 21 kawai na yi bayan an sauko daga masallaci, dama jikina ma yana buƙatar hutun.

Akwai kuma tif ɗaya cikin ukun da bawul ɗinsa ke sace iska, kullum da safe sai na tarar taya ta yi laushi. Ba shi ya ƙera ba, daga Kano aka kawo, amma da na faɗa masa ya tofa yawu a bakin bawul ɗin ya ga yana kumfa, ya cire na cikin ya sa wani daga akwatinsa, bai ce in biya ba.

Sauran kwanakin na yi su ne a kusa, Ringim da dawowa ta gefen fadama inda masu alkama ke ban ruwa da sassafe ƙafafunsu cikin ruwan sanyin nan, wata rana hanyar Haɗeja in je in juyo, wata rana in bi ƙauyuka ta burji. Guzurina dabino da gyaɗa da gora biyu na ruwa, in na ga mai ƙosai ko mai rake in tsaya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙishirwa, saboda sanyi ba ka jin ta amma iskar busasshiya ce tana tsotse ka, ranar Asabar da na yi sakaci da shan ruwa kaina ya yi ta sarawa har na katse tafiyar a kilomita 35. Mai asma ko mai ciwon ƙirji kam ban ba shi shawarar ya shiga ƙurar nan ba sai ya ga likita. Wayar kuma ba ta buƙatar data tana ƙirga tafiya, sai in za ka tura kawai, amma tana shan caji sosai, sai da na ari fawa bank.

In za a ce in ba shi maki cikin biyar, huɗu zan ba shi. Taya, boris, birki, ɗaurin sifok, faci, duk abin da ya shafi keke ya jure hanyarmu, ban san wanda ya kai shi ba a yankin nan, kuma ba ya cuta a kuɗi. In kekenka mai giya ne kuma giyar ce matsalar, ka kai Kano. In kana da rana tsayayya ka kai masa da sati biyu a gaba, kar ka je ranar kasuwa, kuma in kayanka ba irin na manyan kekuna ba ne ka sayo su ka riƙo a hannu har da makullin firiwil in za ka samu.

Ranar 31 da yamma na cika 505, kafin in shiga gida na biya ta rumfar na nuna masa taswirar a waya, jajayen layuka sun bi duk inda na taka. Ya sa tabarau ya kawo fuskarsa kusa, ya bi layin Gumel da farcensa mai baƙin giris, ya ce wannan hanyar ya bi ta da buhun gyaɗa a kariya tun ba kwalta, sannan ya miƙo mini wayar ya durƙusa ya kama tayar baya ya girgiza ta gefe da gefe ya ce boris ɗin lafiya lau. Na riga na ba direban saƙon sabon firiwil da makullinsa, in sun iso ranar Laraba zan kai masa, makullin kuma a rumfar zan bar shi.